Makarantar da Ba Ta da Sirbeyan

Difa, ranar Alhamis da hantsi.

Zuwa ga marigayiya Fanna, uwar Falmata da Bukar.

Aminci ya tabbata a gare ki. Ina gaishe ki gaisuwar da ta dace da matsayinki, ina roƙon Allah Ya yalwata miki makwanci. Malamin da ya koya mana rubutu ya ce mai wasiƙa yakan fara tambayar lafiyar wanda ya rubuta wa, sannan ya faɗi tasa. Na daɗe a wannan layi, don ban san yadda ake tambayar lafiyarki ba. Tawa dai da sauƙi, in ban da gwiwa. Na sani sarai wannan takarda ba za ta iske ki ba. Ba motar da za ta kai ta, ba ɗan aike, kuma ko da ta iske ki, sai kin nemi mai karanta miki. Duk da haka zan rubuta ta bisa ƙa'ida.

Za ki yi mamaki biyu. Na farko, ni ne da hannuna, ban sa kowa ba. Bayan rasuwarki na shiga ajin manya na yamma, na zauna tabarma ɗaya da mata da samari, ni mataimakin shugaban ƙungiyar manoman tattasai, kuma a ƙarshe malam ya shaida gaban kowa cewa ba wanda ya kai ni tsabtar rubutu. Na biyu, Hausa nake miki, harshen da ba mu taɓa yi wa juna ba sai gaban baƙi. Ajin ya tara mu da Fulani da mutanen Najeriya, sai aka koyar da abin da kowa ke ji. Saboda haka bakina Barbarci yake yi, hannuna kuwa Hausa kaɗai ya iya. In kin ji maganar ta yi tsauri kamar ta ofis, ba fushi ba ne.

Makasudin wannan wasiƙa shi ne Bukar. Yau da sassafe ya fita da jaka a kafaɗa, bai ce mini ga inda za shi ba. Hanya biyu ce gabansa: ko jami'a, ko tashar da motar masu haƙar zinariya ke tashi zuwa Jado kowace Alhamis. An roƙe ni kada in bi shi, kada in aika, kada in tambaya, kuma na ɗauki alkawari. Amma ƙafata ba ta ɗauka ba. Shi ya sa na ɗauko biro. Ni mai rubutu a hankali ne ƙwarai, kuma muddin ina rubutu, ina zaune.

Kafin in shiga maganar, ga labarin gida a taƙaice. Falmata ta haihu a Maine, mace, an sa mata sunanki. Ina ce mata amarya kamar yadda kakanni ke yi, amma bakina yana nauyi. Kogin Komadugu ya yi ambaliya bara, ya cinye gefen gonar da aka ara mana a ƙasan Gagamari. Bana ya zo da hankali. Wasu mutanen garinmu sun koma bakin ruwa, sun ce an samu sauƙi. Ni ban koma ba, muna nan cikin gari inda kika bar mu. Ya Kaltum maƙwabciyarmu ce ke dafa mana, miyarta ta fi taki gishiri.

Babban labari kuwa, Bukar ya ci BAK, jarrabawar shiga jami'a. A zagaye na biyu ne, amma ci ci ne. Na tsaya cikin rana a filin lise, sakandarensu, har aka kira sunansa, na dawo na yanka ɗan akuyarki. Aka ba shi gurbi a jami'a nan Difa, fannin noma da muhalli. Na ɗan yi mamakin ɗan manomi da zai je a koya masa noma da Faransanci, amma na bar wannan a cikina.

Ranar da ya fara, na sa babbar rigata na raka shi, da niyyar in damƙa shi hannun sirbeyan, mai tsaron ɗabi'ar yara, kamar yadda kika riƙa yi kowace shekara a lise. Fanna, na zaga ofis bayan ofis. Daga ƙarshe wata ma'aikaciya ta ba ni kujera, ta yi mini bayani cikin ladabi cewa a nan babu sirbeyan. Ba a kaɗa ƙararrawa, ba a rufe ƙofa, ba a jera yara a kira suna da safe. Wai ɗalibi babba ne, shi ke tsaron kansa. Babba? Wanda har gobe ni ke tada shi sallar asuba? Na tambaye ta, to in bai zo ba wa zai sani? Ta ce jarrabawa za ta sani. Na fito ina juya wannan magana, har yau ban gama juya ta ba. Wace irin makaranta ce ake kai mata amana ta ce ba ta da mai karɓa?

Ba a daɗe ba yaron ya soma yin shiru. Da na matsa masa, ya ce a lise mushe, wato malami, yakan rubuta darasi a allo su kwafa, a nan kuwa malami magana kawai yake, da sauri, yana tafiya yana dawowa, kowa ya kama abin da ya iya kamawa. Na ce ya kawo kayensa, littafin da yake rubutu a ciki, in duba. Faransanci ba na jin sa, amma rubutu na san mai kyau. Abin da na gani ya ɗaga mini hankali: rabin kalma, kibiyoyi, layi ya hau layi, wani shafin babu komai sai kwanan wata. Na sa shi ya sake kwafe shi duka da tsabta, ina zaune kusa da shi. Ya kwafe, bai yi musu ba. A lokacin na ɗauka na yi masa babban taimako.

Abu na biyu da ya rikita ni shi ne ranakun da babu karatu. Wani mako ya fita kullum, wani mako yana gida ƙarƙashin dogon yaro, kansa sunkuye kan waya. Na ce ya nuna mini takardar da ta tsara ranaku. Ya ce babu ita, tsarin yana canzawa. Na ce makarantar gwamnati ba ta rasa tsari. Ya ce, to Baba.

Cikin wannan hali ne ya gaya mini cewa wani mushe ya tara manyan ɗalibai, ya raba musu sababbi su riƙe, musamman 'ya'yan waɗanda suka yi gudun hijira da waɗanda iyayensu ba su yi boko ba, wai su ne aka fi ji wa tsoron faɗuwa a shekarar farko. An sa sunansa a ciki, an haɗa shi da wata ɗaliba mai suna Yagana. Ba zan ɓoye miki ba, abin ya sosa mini rai. Wa ya ce musu ɗana abin tausayi ne? Wa ya ce uban nasa bai iya rubutu ba? Na ce ya gode musu, ya shaida musu cewa yana da mai riƙe shi a gida.

Daga nan na yi tunani mai tsawo, na kai ga abin da nake ganin kowane mai hankali zai kai. Tunda makarantar ba ta da sirbeyan, kuma yaro ba ya karatu sai da sirbeyan, to wajibi ne in zama shi. Me sirbeyan ke fara yi a lise? Ke kin sani, don sau biyu kina zuwa roƙo: yana karɓe waya. Na karɓi wayar Bukar, na sa ta cikin akwatinki tsakanin zannuwa, na kulle. Kuma da yake a makon babu karatu, tattasai kuma ya nuna, masu tsinka sun yi ƙaranci, sai na ce ya ɗauko kayensa mu tafi gona, ya yi aiki da safe, ya yi bita da yamma, nesa da hayaniyar gari. Ya buɗe baki zai yi magana, na ɗaga hannu. Ya rufe.

Fanna, kwanakin nan sun yi daɗi, kuma wannan shi ne abin da ya fi ɗaure mini kai. Mun tsinka, mun shanya, filin ya yi ja har ido ba ya iya kallonsa da rana. Ya gyara mini injin ban ruwa da ya daɗe yana tari. Mun ci kifi a bakin ruwa. Har dariya ya yi, irin taki, wadda ake rufe baki da bayan hannu. Na ce a raina, ga magani nan, malaman jami'a ba su sani ba. Ta yaya abin da ya yi kyau haka zai zama ɓarna?

Wata la'asar sai ga yarinya ta sauko daga amalanke, takalmanta a hannu, ƙafarta duk laka. Ta durƙusa ta gaishe ni, Baba ina wuni, Baba ya aiki. Yagana ce. Ta je gida, Ya Kaltum ta kwatanta mata gonar. Hausarta irin ta ƙetaren ruwa ce, tana jefa Turancin Najeriya a ciki. Iyayenta suna sansanin 'yan gudun hijira na Sayam Foraj. Ta sha ruwa, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta, kuma zan rubuta miki shi daidai yadda na fahimta.

Ashe ba duk malaman jami'a ne ke zaune a Difa ba. Akwai waɗanda ake arowa daga Yamai ko Damagaram, suna ce musu misiyoner. Irin wannan malami yakan zo ne lokacin da ya samu sarari. Yana sauka sai ya koyar tun safe har yamma, ya zuba karatun watanni cikin 'yan kwanaki, ya yi jarrabawa, ya hau mota. Sanarwar zuwansa kuwa ba a manna ta a bango, ba a aiko wa iyaye. Shugaban aji ne ke sa ta a waya, cikin wani zaure da duk 'yan ajin ke ciki. Abin da Bukar ke sunkuye yana dubawa ke nan. To malamin ya zo muna gona, ya koyar, ya yi jarrabawa, ya tafi. Ta ce ta kira Bukar har ta gaji. Wayar tana cikin zannuwanki tana kuka har ta mutu.

Na ce mata wannan ba tsari ba ne. Ko ruwan sama, in na damina duka ya zuba rana ɗaya, ba shuka zai yi ba. Ta ce, wallahi Baba gaskiyarka, amma ruwan da ake samu ke nan, da shi kowa ke noma. Ta kayar da ni, ni da ba a saba kayar da ni a taro ba.

Bukar yana tsaye yana ji. Ya ci gaba da tsinka har kwandonsa ya cika, ya kai shi wurin shanya ya baza da kyau, sannan ya nufi bakin ruwa ya zauna. Da ya yi mini tsawa da ya fi mini sauƙi. Tun ranar, tsakanina da shi sai gaisuwa. Daga bakin Ya Kaltum na ji cewa yana zama da samarin da suka dawo daga Jado, yana cewa shi ba irin jami'a ba ne, wai 'ya'yan ma'aikata sun zo da sanin hanya tun daga gida, shi kuwa ko ƙofa bai gane ba. Jado, Fanna. Ramin da ake shiga da igiya. Yaron da kika goya daga bakin ruwa zuwa Asaga ranar da muka yi gudun hijira, da zazzaɓi a jikinsa, shi zai shiga rami da ƙafarsa?

Na sake sa babbar riga na tafi wurin mushen da ya tsara riƙon ɗaliban, don a gyara al'amari tsakanin manya. Na gabatar da kaina da muƙamina, na yi bayani daki-daki. Ya saurare ni har ƙarshe, wannan na yaba masa. Ya ce ba a rufe ƙofa ba: akwai jarrabawa ta biyu da suke kira ratirafaj, ga wanda ya faɗi ko bai samu zama ba. Ya ce yawancin yaran da ke zubewa a shekarar farko ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba, ƙananan abubuwa ne da ba wanda ke faɗa: yadda ake kama maganar malami a taƙaice, inda ake duba sanarwa, wanda ake tambaya ba tare da kunya ba. Ya ce rabin kalmomin nan da kibiyoyin da na gani, alama ce yaron ya fara koyo. Watau abin da na sa shi ya gyara shi ne karatun? Na tambaye shi sau biyu, sau biyu ya ce e.

Yagana tana wurin. Na tambaye ta, ba don raini ba, me ya sa aka zaɓe ta. Ta yi dariya ta ce ai ita ta fi kowa sanin hanyar faɗuwa, shi ya sa. Wai ta zo da Turanci, ta koyi Faransanci a guje, ta ci BAK da ƙyar, ta shiga babban ɗakin karatu ta zauna wata da watanni ba ta kama komai sai gaisuwa da sallama. Ta maimaita shekara. Wai duk ramin da ke hanyar nan ta faɗa cikinsa da kanta, ta san zurfinsa. Yanzu tana shekara ta uku. Tana tara nata yaran duk Alhamis, su haɗa abin da kowa ya kama, wanda ya gane ya koya wa wanda bai gane ba.

Sai na miƙe zaune na ce, to ni mene ne aikina? A faɗa mini, ni mutum ne mai cika aiki. Mushe ya ce in mayar da waya, in bar masa wuri da lokaci, kada in tsare shi da tambaya. Na jira sauran. Babu saura. Yagana ta ce, Baba, a cika masa ciki a ƙyale shi, shi ke nan aikin. Na ce in ya nufi Jado fa? Mushe ya ce in an tare shi yau, wata Alhamis tana zuwa. Gara ya zo da ƙafarsa. A nan suka karɓi alkawarin da na gaya miki.

Na buɗe akwatinki na ba shi wayar. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce na gode, kamar baƙo.

Yanzu ki gaya mini, Fanna, don na kasa warwarewa. Na tsaya a kansa, ya lalace. An ce in janye, wai shi ne taimako. To me ya raba janyewa da sakaci? Uban da bai kula ba da uban da ya kula ya yi shiru, in ka hango su daga nesa ba zaune suke duka ba? Ta ina yaron zai gane wanne ne ni? Kuma in makaranta ta ce shi babba ne, me ya sa ta ba shi mai riƙo? In kuwa yaro ne, me ya sa ta hana ni riƙe shi?

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. A Asaga, cikin bukkar zana bakin kwalta, kullum ya dawo daga makarantar tanti kina zaune kina tsince tattasai, sai ki ce ya faɗa miki abin da mushe ya ce. Ya faɗa, ki ce ƙarya ne, ƙasa ba ta juyawa, in tana juyawa me ya hana tukunyarki kifewa. Ya yi ta kumfar baki yana miki bayani har ya gaji. Ni ina gefe da rediyo a kunne kamar ba na ji. Ina ji, Fanna. Ko tashar ban kama ba. Babu abin da nake jira a yini kamar wannan gardama taku, kuma ban taɓa faɗa ba, don ina ganin bai dace da ni ba. Ban kuma taɓa tambayarki ba: da gaske ba ki yarda ba ne, ko so kike ya maimaita? Kin san abin da kike yi, ko hira ce kawai? Ke ba ki taɓa buɗe kayensa ba. Ni na koyi rubutu musamman don in iya buɗewa. Wanne cikinmu ya yi kusa da shi?

An kira azahar. Zan ajiye biro in je masallaci, kuma na yi niyyar in bi ta hanyar da ba ta wuce tasha ba.

Na dawo. Zan rubuta abin da na tarar ba ƙari.

Yana tsakar gida yana wanke ƙafa. Ya ce sannu da dawowa Baba, na ce yauwa. Tambaya ta taso mini har maƙogwaro, na haɗiye ta, ta yi ɗaci. Ya ɗauko kwanon da Ya Kaltum ta aiko, ya ci, ya ƙara. Sai da ya wanke hannu, yana kallon ƙasa, ya ce ɗakin da yaran Yagana suke haɗuwa an ba wani aji, saboda haka gobe su biyar za su zo zaurenmu tare da Yagana, kuma kullum za su riƙa zuwa har ranar ratirafaj. Ya ce ko za a samu tabarma babba. Na ce za a samu. Sannan ya ce yana roƙon alfarma ɗaya: in sun zo, kada in shigo in yi musu jawabi.

Fanna, tun kafin ya rufe baki na riga na tsara jawabin a kaina, da gabatarwa da nasiha uku. Na ce masa to.

Bai ce ya fasa Jado ba, ni ma ban tambaya ba. Motar yau dai ta tafi ba tare da shi ba. Ban sani ba ko zai ci jarrabawar, ban kuma sani ba ko abin da nake yi yanzu sunansa taimako. Gobe zan share zauren tun da wuri, in shimfiɗa tabarma, in ajiye tulun ruwa, sannan in fita ta ƙofar baya in zauna inda ba za su gan ni ba. In kin san wani abu da ya wuce wannan, ba ki da hanyar gaya mini, ni kuma ba ni da wanda zan tambaya.

A nan zan tsaya, don Ya Kaltum takan fita da la'asar, kuma tabarmar tata ce. Allah Ya jiƙanki, Ya sa kin huta, Ya haɗa mu a inda ba a bukatar takarda.

Ni ne mijinki,
Kiyari, mataimakin shugaban manoman tattasai, uban Bukar.
Da hannuna na rubuta.